Abdullahi Smith, Malamin da Ya Koma Almajiri

Bara da aka tura mu gwajin koyarwa na yi wani kuskure, wanda har yanzu in na tuna shi sai kunya ta kama ni. An ba ni 'yan aji biyar na wata makarantar firamare, darasin kuwa Tarihi ne. Na ba su labarin Bayajida kamar yadda aka ba mu muna yara: ya taso daga Bagadaza, ya zauna Barno, ya biyo ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu, ya auri sarauniya Daurama. Da na ƙare sai na rubuta a allo da manyan baƙaƙe, cewa daga gare shi Hausawa suka samo asali. Sai wani ɗan ƙaramin yaro ya ɗaga hannu, ya tambaye ni su wane ne mutanen nan da macijiya ke hana wa ɗiban ruwa sai ran Juma'a, kuma da wane harshe maƙeran Gaya suka yi ciniki da baƙon. Ba ni da amsa. Maimakon in ce ban sani ba, sai na daka masa tsawa, na ce ya zauna ya bar surutu.

Malaminmu da ya zo duba ni yana zaune can bayan aji, bai ce uffan ba sai da aka tashi. Sa'an nan ya ja ni gefe, ya gaya mini tambayar da na tsawata wa yaron nan a kanta, wani shehun malami ya riga ya yi ta tun 1970, har ya rubuta takarda sukutum domin ya amsa ta. Sunansa Abdullahi Smith. Tun daga ran nan na shiga neman labarinsa, ga shi kuwa na kawo wa 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, don na ga akwai abin da za mu ƙaru da shi.

An haife shi a Ingila cikin 1920, sunan da iyayensa suka raɗa masa Henry Frederick Charles Smith. Ya yi karatun Tarihi a Jami'ar Kambirij. A zamanin nan Tarihin da a ke koya wa ɗalibi a Ingila na Turai ne, in an taɓo Afirka kuwa, to, labarin Turawan da suka zo cikinta ne: wane ya gano kogi kaza, wane ya ci ƙasa kaza da yaƙi. Manyan malamansu sun ɗauka baƙar fata ba su da rubutu, wanda ba shi da rubutu kuwa ba shi da tarihi. Har a 1963 wani babban malamin Tarihi na Jami'ar Oksfod, Trevor-Roper, ya tsaya gaban jama'a ya nuna Afirka ba ta da wani tarihin da ya isa a koyar, in ban da na Turawan da suka shigo ta. To, a irin wannan rijiya Smith ya sha ruwa. Amma Allah ya nufe shi da zuwa ƙasar Sudan aikin koyarwa, ya zauna cikin Musulmi, ya koyi Larabci. Larabcin nan shi ya zame masa mabuɗi daga baya.

Cikin 1955 ya iso Ibadan, wadda mu ke kira Badun, ya kama aikin koyar da Tarihi a Kwalejin Jami'a. A lokacin nan ita kaɗai ce makaranta mai ba da digiri a duk Nijeriya. An buɗe ta a Janairu 1948 da ɗalibai 104, a wani tsohon asibitin soja da ke Eleyele, kana ta koma mazauninta na dindindin a 1952. Ba ta cin gashin kanta, reshe ce ta Jami'ar Landan. Daga Landan a ke amincewa da tsarin karatu da jarrabawa, digirin da ɗalibi zai samu ma na Landan ne, haka aka yi ta yi har 1962. Sabo da haka sai ka ga saurayi ya san sarakunan Ingila ɗaya bayan ɗaya, amma in ka tambaye shi wa ya gaji Sarkin Musulmi Bello sai ya yi zuru.

A nan sai in roƙi mai karatu ya yi mini haƙuri in ɗan ratse, don ni haifaffen Sabo ne ta Badun, abin kuwa ya taɓa unguwarmu. Wanda ya sauka tashar jirgin ƙasa zai tafi jami'a, ta Mokola zai bi, Sabo na nan gefensa, ya wuce Sango inda kasuwar shanu ta ke a zamanin nan, sa'an nan ya kai ƙofar makaranta. Tsakani 'yan mil kaɗan ne. An kafa Sabo a 1916, aka tattara Hausawan da ke warwatse cikin gari wuri guda a ƙarƙashin sarkinsu. Sana'arsu babba ita ce sauke shanun Arewa da ɗaura goro zuwa Arewa. Wani mai bincike, Abner Cohen, wanda ya yi aiki a unguwar cikin 1962 da 1963, ya tarar mutanenta sun kai wajen 4,000, da malamai masu yawa a cikinsu. A zaurukan malaman nan ana karanta Ahalari da Iziyya da Risala, ana rubuta wasiƙun ciniki da ajami a aika Kano. Watau ga rubutu nan a bakin hanyar jami'a, ana wuce shi safe da yamma cikin mota, a je aji a koyar da cewa mutanen ƙasar nan ba su da rubutu. Kakanninmu na Sabo su ma suna da nasu laifin, don kaɗan ne ƙwarai cikinsu suka yarda suka sa 'ya'yansu boko. Kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya, kowa yana ganin shi ne mai ilmi.

Smith ya yi sa'a ya tarar da waɗanda suka fara gane wannan ɓata. Babbansu shi ne Dokta Kenneth Dike, wanda ya rubuta tarihin ciniki da siyasa na bakin kogin Kwara, aka buga a 1956, shi ne kuma ya kafa gidan ajiye tsofaffin takardun gwamnati, daga baya ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci kwalejin a 1960. Akwai kuma wani ma'aikacin laburare, Kensdale, wanda ya zagaya Arewa yana tattaro littattafan Larabci na malaman ƙasar nan. A shekarar da Smith ya iso aka kafa Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya, ya shiga cikinta tsundum. Da ya ke yana jin Larabci, sai ya zauna ya buɗe littattafan nan da aka tara, ya fara karantawa.

Abin da ya gani ya girgiza shi. Ga Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, mai ba da labarin jihadi daki daki, har da wasiƙun muhawarar da aka yi da Shehu Laminu na Barno. Ga Tazyinul Waraƙati na Abdullahin Gwandu. Ga littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa a kan hijira da shari'a da yadda a ke riƙon ƙasa. Mutum uku kaɗai sun bar littattafai ɗaruruwa. Ba wai Turawan mulki ba su san da su ba ne sam. Razdan Arnett ya juya Infaƙu da Turanci a taƙaice tun 1922, Palmer kuma ya fassara Tarihin Kano tun 1908. Amma sun karanta su ne da tunanin da suka zo da shi, suka ɗauki jihadi yaƙin ƙabila ne kawai, Fulani sun ƙwace sarauta daga Haɓe. Smith ya ga wanda ya karanta littattafan da idon basira ba zai tsaya nan ba. Cikin 1961 ya buga takarda a mujallar ƙungiyarsu, ya kira jihadodin ƙarni na 19 babin da aka yi sakaci da shi cikin tarihin Afirka ta Yamma. Ya haɗa na Shehu Usmanu da ya fara a 1804, da na Shehu Ahmadu na Masina, da na Alhaji Umaru Futi, ya nuna dukansu malamai ne suka jagorance su, da alƙalami suka fara kafin takobi, kuma ba za a fahimce su ba sai an koma ga abin da suka rubuta da hannunsu. Har ya jawo hankalin masana ga littattafan birnin Segu, waɗanda sojan Faransa suka kwashe a 1890 suka kai Faris.

Ku duba, jama'a, wannan mutum ne da ya riga ya sami digiri daga babbar jami'a, ya zo ƙasar da 'yan'uwansa ke mulki, ana ce masa ranka ya daɗe. Da ya so, da ya yi ta karanta wa ɗalibai tsofaffin takardun da ya zo da su daga Kambirij har ya yi ritaya, ba mai ce masa don me. Sai ya yarda karatun da aka ba shi yana da giɓi, ya koma almajiri yana ɗan shekara arba'in.

Yadda ya bi da ɗalibansa ma haka ne. Wani saurayi Bature, Murray Last, ya zo Badun neman digirin dokta a ƙarƙashinsa. Bai tsare shi a laburare ba, sai aka tura shi Sakkwato, ya je ya durƙusa gaban Waziri Junaidu, wanda ke riƙe da takardun gidan waziri tun daga kan Giɗaɗo. A wurinsa ya yi karatu, ya ga wasiƙun da Sakkwato ke aika wa sarakunan Kano da Zazzau da Bauchi da sauransu. Ya sami digirinsa a 1964, yana cikin na farkon da Jami'ar Badun ta ba wannan daraja, littafinsa kuma ya fito a 1967. Dā Turawa Daular Fulani su ke cewa, har a shekarar nan ta 1967 wani tsohon Razdan, Johnston, ya fitar da nasa littafin da wannan suna. Amma sunan da ɗalibin Smith ya sa wa nasa, watau Halifancin Sakkwato, shi ya zauna a bakin masana har yau. Canjin suna ba ƙaramin abu ba ne, don suna na farko yana cewa ƙabila ce ta kafa daular, na biyu kuwa yana cewa aƙida ce da shari'a.

Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Oktoba 1962, sai Smith ya bar Badun ya komo Arewa, ya kafa sashen Tarihi, ya zama shehun malaminsa na farko. Ya tsaya a kan wani shiri na binciken tarihin Arewa, wanda jami'o'in biyu suka haɗa hannu a kai. Ma'aikatan shirin suka riƙa bin gidajen malamai da na alƙalai da fadodin sarakuna, suna roƙon a ba su aron littattafai su ɗauki hotonsu. Wannan aiki ne mai bukatar haƙuri da ladabi, don malami ba ya miƙa wa baƙo littafin da ya gada daga kakansa sai ya ga mutunci. Cikin 1967 Smith ya musulunta, ya ɗauki sunan Abdullahi, daga baya kuma ya zama ɗan Nijeriya. A 1970 aka mai da gidan marigayi Sardauna da ke Kaduna wurin binciken tarihi, shi ne Gidan Arewa, Abdullahi Smith ne shugabansa na farko.

To, a shekarar nan ta 1970 ne ya buga takardar da malaminmu ya ba ni aro, a kan yadda sarautu suka kafu a ƙasar Hausa. A dā akwai wani ra'ayi da ya cika littattafan Turawa, wai duk inda ka ga birni ko sarauta ko wata hikima a ƙasar baƙar fata, to, wani baƙo ne mai hasken fata ya kawo ta daga gabas ko arewa. Labarin Bayajida ya yi wa masu wannan ra'ayi daɗi ƙwarai. Smith ya ce a sake duba labarin da kansa. Baƙon nan da ya iso Daura, gari ya tarar, da rijiya, da sarauniya a kan gado, da jerin sarauniyoyi kafin ita. Ashe ba shi ya kawo mutanen ba, ba shi ya kawo sarautar ba. In labarin yana tuna wani abu da ya faru, iyakarsa canjin gidan sarauta. Bai ce a yar da labarin ba, cewa ya yi a san abin da zai iya tabbatarwa da wanda ba zai iya ba.

Sa'an nan ya kawo nasa bayanin. Mutane sun fara zama gida gida cikin ƙauyuka, kowane gida da maigidansa. Inda ƙasa ke da albarka, ko akwai tama ta ƙira, ko hanyar fatake ta ratsa, ko akwai dutsen da a ke tsafi a kansa kamar Dala a Kano da Kufena a Zazzau, sai baƙi su yi ta taruwa, ƙauye ya zama gari. Gari ba ya zaunuwa da hukuncin maigida, don mutanensa ba dangi ɗaya ba ne, dole a sami mai gari. In garin ya ƙasaita aka kewaye shi da ganuwa, har da gonaki a ciki don ranar yaƙi, ya zama birni, na karkara su riƙa fakewa cikinsa, mai birnin ya zama sarkin ƙasa, ya naɗa masu sarauta su taya shi. Watau sarautar Hausa a nan ta tsiro, daga noma da ƙira da kasuwa da neman tsaro. Daga baya ya yi wa labarin asalin sarakunan Barno na gidan Saifawa irin wannan bincike.

Kada mai karatu ya zaci ina cewa shi ba ya kuskure. Ɗan Adam tara ya ke, bai cika goma ba. Smith ya karkata ga cewa kakannin Hausawa daga arewa suka gangaro, wajen Azbin, sa'ad da hamada ta yi ta bushewa. Cikin 1979 wani masani da ya koyar a Zariya, John Sutton, ya ja da wannan, ya kawo hujjar harshe da ta ƙasa cewa Hausa daga gabas ta bazu zuwa yamma, daga wajen Haɗeja da Daura da Kano. Akwai kuma waɗanda har yanzu su ke ganin ya rage wa labarin Bayajida daraja fiye da kima. Wani abin da a ke kuka da shi kuma, bai zauna ya rubuta babban littafi guda ba. Ilminsa ya watsu cikin mujallu da takardun taro, sai bayan rasuwarsa almajiransa suka tattara waɗansu suka buga a 1987. Amma gardamar da a ke yi da shi, da makamin da ya koyar a ke yin ta, watau kawo hujja, a duba ta, in ta fi taka ƙarfi ka bi.

Littafinsa na gaske shi ne mutanen da suka fito daga sashen da ya kafa. Sa'ad Abubakar ya rubuta tarihin Lamiɓen Adamawa. Yusufu Bala Usman ya rubuta na Katsina daga 1400 zuwa 1883, ya bi ƙauyuka har cikin ƙasar Maraɗi yana tambayar tsofaffi, ya kuma zarce malaminsa wajen sukar masu fassara kome da ƙabila. Mahmud Tukur ya tone yadda Ingilishi suka ci ƙasar nan da yadda suka mulke ta, daga cikin takardunsu na kansu. Ba dukansu suka yarda da malamin a kan kome ba, waɗansunsu ma ra'ayinsu na siyasa ya yi nisa da nasa. Wannan bai rage shi ba. Malamin da almajiransa ba su iya kome ba sai maimaita maganarsa, aku ya yi kiwo.

A taron da aka yi kan tarihin daular Sakkwato a 1975 ya juyo kan jami'o'inmu. Ya nuna sun kwaikwayi na Turai ido rufe, alhali kuwa malaman jihadi sun bar mana misalin ilmin da a ke nema domin gaskiya da gyaran jama'a, ba domin takardar shaida da babban albashi ba. Mutumin da ya fito daga Kambirij shi ke gaya wa 'ya'yan ƙasa su waiwayi zauren kakanninsu. Ya rasu a 1984 yana da shekara 64. Aka kafa wata cibiyar binciken tarihi a Zariya da sunansa.

Da na gama karanta takardar nan na mayar wa malaminmu, sai ya tambaye ni abin da zan yi. Washegari na koma ajin nan, na goge abin da na rubuta a allo, na kira yaron ya tsaya. Na gaya wa 'yan aji jiya ni na yi kuskure, tambayarsa tana kan hanya, har wani babban malami ya ɓata shekaru a kanta. Na zaci za su raina ni. Sai ga hannuwa sun tashi ko'ina, wannan yana tambayar wa ya gina ganuwar garinsu, wancan yana cewa kakarsa ta san wani labarin dabam. Ban taɓa jin daɗin darasi kamar na ran nan ba.

'Yan'uwa, gobe kaɗan za a ba kowannenmu aji da alli. Yaro zai yi mana tambayar da ba mu san amsarta ba, wannan ba makawa. A ran nan hanya biyu ce: ko mu daka tsawa mu tsare girmanmu na minti biyar, mu kashe wa yaro zuciyar tambaya har abada, ko kuwa mu ce ba mu sani ba, mu je mu nemo. Matambayi ba ya ɓata, gyara kayanka kuma ba ya zama sauke mu raba. In hutu ya zo, ni dai na yi niyyar in shiga zaurukan unguwarmu da littafin rubutu, in tambayi sauran tsofaffin da suka rage yadda iyayensu suka zo Badun, tun ba su tafi da labarin ba.

Allah ya jiƙan Malam Abdullahi Smith, ya gafarta masa kurakuransa, mu kuma ya ba mu ikon gane namu tun da sauran lokacin gyara. Amin.